Amsa kan kafa 'yan sintiri a Sabuwar Unguwa

Malam, ka tambaya ko za ku iya haɗa matasan layinku su fara sintirin dare saboda ƙwacen waya da satar babura da suka addabe ku. E, ku kafa, amma kada yaro ɗaya ya fita sintiri sai kun je wurin mai unguwa, shi kuma ya raka ku ofishin DPO na yankinku da sunayen yaran a rubuce, kowanne da dattijon da ya tsaya masa.

Dalilina shi ne, a Katsina matashi riƙe da gora ko adda da ƙarfe biyun dare, babu mai bambanta shi da ƙauraye. A unguwarmu an yi haka, motar 'yan sanda ta kwashe yara masu gadin layi, iyaye suka wuni suna neman beli, don babu wanda ya san da zamansu a hukumance. Tun da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma ta Community Watch Corps a 2023, jami'ai sun ƙaru, kowa kuma yana son sanin wa ke yawo da dare. Ku ba yaran tocila da usur da riga mai alama, ku bar makami. Kuma ku ja musu kunne sosai: in sun kama ɓarawo, ban da duka, a kira 'yan sanda. Ranar da wani ya mutu a hannunsu, wallahi su za a tuhuma da kisa, har da ku da kuka tara kuɗin.