Amsar Kawu kan cin abinci a waje

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokan aikinka a Abuja suna yawan jan ka gidajen abinci na Wuse 2 da Jabi, kana kuma jin nauyi, don ka tashi kana jin ana cewa mutumin kirki ba ya ci a kasuwa. Ka tambaya kuma wa ke biya.

Abin da magabata suka ƙi shi ne magidanci ya bar tuwon gidansa ya tsuguna bakin titi yana ci kowa na kallo, iyali kuwa ko oho. Wanda aiki ya kai shi nesa da tukunyar gida hukuncinsa hukuncin matafiyi ne, fatake ma ai a zango suke ci. Saboda haka ka je. Amma ka je da baki, don a irin wuraren nan mai jin kunyar tambaya shi ke cin abin da bai sani ba.

Batun biya a wajenmu a fili yake: wanda ya ce "zo mu je" shi ke da ɗawainiya. A birni ba kullum haka ba ne, wasu kowa nasa yake biya. Kada ka fita sai da kuɗin da zai ishi cikinka. In babba ne ya gayyace ka, bari ya fara zaɓa, sannan ka ɗauki abin da bai kai nasa tsada ba. Kada ka yi kokawar biya da shi, raini ne. Ka yi godiya, wata rana ka kai masa kilishi.

Kuɗin da ke jikin takardar abinci sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, wasu wuraren kuma su ɗora ladan hidima, kashi 5 ko 10. Abincin naira 20,000 sai ya tashi 23,500 in an ɗora duka biyun, ladan hidimar kuma kashi 10 ne. Ka tambaya tun kafin a kawo. In an riga an ɗora ladan hidima, tukuicin yaron da ya yi muku hidima ganin dama ne. In ba a ɗora ba, ka ba shi a hannu. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi, don na'urar POS kan cire kuɗi ta ce ba ta cire ba, ga mutane na kallo. In haka ta faru, ka karɓi 'yar takardar da ta fito ka adana, da ita za ka bi haƙƙinka a banki.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne halal. A takarda ba za a rubuta maka "alade" ba. Za ka ga pork, ham ko bacon, duk shi ne. Pepperoni da ake sa wa a kan pizza ma asalinsa da alade ake yi, sai ka tabbatar na naman shanu ne. A gidan abincin 'yan Sin ka tambayi abu biyu: ko da giya aka haɗa miyar, da kuma ko kasko ɗaya ake soya komai. Lemon nan ja mai kokwamba a ciki da ake kira Chapman, mutane na sha a matsayin lemo, alhali ana ɗiga masa Angostura, wadda ke da giya a ciki. Ka ce a haɗa maka ban da ita. Naman daji kuwa, wanda ba ka san wanda ya yanka ba, bar shi. In ka rasa tabbas, kifi ya raba gardama.

Kifin ma da nasa tarko. Inda ake nuna tarwaɗa da rai a kashe maka, girmanta ke yanke kuɗi. Ku daidaita kafin a buga mata sanda, bayan nan ba ciniki. Ka ce a rage barkono in cikinka bai saba ba, farfesun mutanen kudu ba wasa ba ne. Gasasshen naman Turawa kuma za a tambaye ka yadda kake so. Ka ce ya gasu sarai, in ba haka ba a kawo maka shi da ja a tsakiya.

Sabon wuri ana gane shi da cinikinsa. Inda mutane ke shiga suna fita, abinci ba ya kwana. Ka guji soyayyiyar shinkafa da ta huce a faranti da kabejin da aka kwaɓa da mayonis, su ne ke fara lalacewa in wuta ta ɗauke firiji ya tsaya. Ruwan roba a buɗe shi a gabanka. Leƙa bayan gidansu, yadda ka same shi haka kicin yake.

Za a ajiye maka wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Yayyanka naman duka, ajiye wuƙar, mayar da cokalin dama, ka yi bisimilla. Tuwo ko sakwara kuwa nemi ruwa ka wanke hannu, ba wanda zai ce ƙauyanci ne. A gida mai surutu kan akushi santi ake ce yana yi, a can kuwa hirar ce ta tara ku, sai dai ka haɗiye lomarka kafin ka amsa. Wurin ɗiba da kanka, ɗebi kaɗan ka koma, kada ka gina dala a faranti. Abin da ya rage a wurin da ka saya da kuɗinka, ka ce a ƙunshe maka, mai gadi ko wani almajiri na bakin ƙofa.

In fitar za ta ci magariba, yi alwala tun daga ofis, ba ko'ina ke da buta ba. Ka gaida mutanen gidan da kake zaune.

Kawunka.