Shin kwamfutar hannu ta fi littafi da biro a ajin kalkulas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a jami'a, ina karatun injiniya, kuma a wannan zangon muna darasin kalkulas, wani reshe na lissafi. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu sun koma rubuta darasi a kwamfutar hannu, wato tablet, mahaifina kuma ya ce zai saya mini idan har za ta amfane ni. Shin da gaske tana taimakawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Za ta taimaka miki idan da alƙalaminta za ki riƙa rubutu a kanta da hannunki, amma idan latsa haruffa za ki yi, littafinki ya fi ta nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne rubutun kalkulas ba ya tafiya a kan layi ɗaya. Da yawa daga cikin alamomin da muke amfani da su a yau mun gaje su ne daga Leibniz, masanin nan na Jamus, wanda ya fara buga aikinsa a kan wannan fanni a 1684, alamar ∫ kuma ta fito a rubutunsa na 1686. A dy/dx akwai sama da ƙasa, a x² lambar tana rataye a kafaɗar harafi, alamar ∫ kuma tana ɗauke da iyaka a kanta da wata a gindinta. Kafin ki lalubo waɗannan a allon haruffa, malami ya riga ya goge allo. Saboda haka a tabbatar na'urar tana da alƙalami na gaske irin su Apple Pencil ko S Pen na Samsung, wanda zai bar ki ki ɗora tafin hannunki a kan gilashin ba tare da ya ɓata rubutun ba, domin alƙalamin nan mai arha da kan roba ba ya iya fitar da ƙananan lambobi.

Za ki ji ana cewa bincike ya tabbatar rubutun hannu ya fi na kwamfuta. Asalin maganar wani nazari ne da Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka wallafa a Amurka a 2014, inda suka ga cewa ɗaliban da ke latsa haruffa sun fi kwafe maganar malami kalma da kalma, kuma ba su kai masu biro ƙoƙari ba a tambayoyin da ke buƙatar fahimta. Sai dai da wasu masana suka maimaita gwajin a 2019, bambancin bai fito fili haka ba, kuma tun farko ba alƙalamin kwamfutar hannu aka gwada ba. Abin da nake riƙewa daga ciki shi ne kwafe ba tare da tunani ba yana cutar da ɗalibi, ko a kan mene ne yake rubutun.

Inda na'urar take nuna amfaninta shi ne wajen launi da wajen zane. Ɗauki y = (3x² + 1)⁵. Amsar dy/dx ita ce 5(3x² + 1)⁴ sau 6x, wato 30x(3x² + 1)⁴, kuma kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne manta wannan 6x da ke fitowa daga cikin baka. Idan kika saba rubuta abin da ke cikin baka da ja, na waje kuma da shuɗi, idonki da kansa zai riƙa tambayar ina rabon jan a cikin amsar. Haka kuma idan malami ya tsallake matakai biyu saboda ƙurewar lokaci, abin da malaman lissafi suka shahara da shi, kina iya ture rubutun ƙasa ki buɗe fili, ki cike giɓin da daddare a daidai wurinsa.

Zanen ma ya fi wannan muhimmanci. Ki buɗe manhajar Desmos ko GeoGebra, ki sa y = x², sannan ki ɗora yatsu biyu a inda x yake 1 ki riƙa buɗa hoton. Za ki ga lanƙwasar tana raguwa a hankali har layin ya zama kamar miƙaƙƙe, yana hawa taki biyu a duk taki ɗaya da ya yi gaba. Wannan 2 ɗin ita ce 2x, wato dy/dx na x² da aka koya miki a aji, idan x yake 1, kuma wanda ya gan ta da idonsa da wuya ya sake ɗaukar ta a matsayin dokar hadda kawai.

Hatsarin da na fi ji miki shi ne ɗaukar hoton allo. Ɗalibi yakan tara hotuna masu yawa ya ɗauka ya mallaki darasin, alhali hannunsa bai taɓa bin ko mataki ɗaya ba. Manhajoji irin su Photomath da WolframAlpha kuma suna ba da amsa nan take, don haka kada ki buɗe su sai bayan kin gama naki aikin kina son dubawa. Ki kashe intanet yayin darasi, ki riƙa adana kwafin rubutunki a wani wuri daban saboda sata ko lalacewa, kuma ki riƙe ƙaramin littafi a jaka saboda ranar da babu wutar caji. Ki tuna cewa a ɗakin jarrabawa ba za ki sami maɓallin da ke janye kuskure ba, don haka atisayen kowane mako ki yi shi a takarda da biro, kina duba agogo.

Idan kuɗin zai takura wa mahaifinki, ki gaya masa ya dakata tukuna. Desmos da GeoGebra kyauta ne kuma suna aiki a wayar hannu, biro mai launi uku kuma zai yi miki aikin ja da shuɗin da na ambata. Ki gwada hakan har zuwa gwajin tsakiyar zango, idan kika ga gyara rubutu da neman tsofaffin darussa ne ke cin lokacinki, sannan a yi maganar sayen na'urar.