Golan da ya yi bugun kunama

Ɗan'uwa, golan da kake tambaya, mai bugun kunama, René Higuita ne na Kolombiya. A filin wasa na Wembley da ke Landan ya yi shi a 1995, a wasan sada zumunta da Ingila: ya kifa gaba, ya mayar da ƙwallo da dugadugansa.

A lokacin da yake wasa, ba ya zaman raga. Har tsakiyar fili yake fitowa yana yanke 'yan wasa, kuma yakan buga fanareti da firikik. A irin wannan fitar Roger Milla na Kamaru ya ƙwace masa ƙwallo a kofin duniya na 1990, Kamaru ta kori Kolombiya da 2-1. Ni dai ina ganin ana tauye masa haƙƙi, idan aka tsaya ga wannan kuskuren kawai, domin shi ya tsare wa kulob ɗin Atlético Nacional na Kolombiya raga ya ɗauki Copa Libertadores, kofin zakarun kulob-kulob na Kudancin Amurka, a 1989.