Tsofaffin littattafai marasa ISBN: yadda ake aro bayanansu daga wasu laburare

Tambaya: Ina aiki a laburaren wata kwaleji, mun girka Koha, manhajar tafiyar da laburare, a kwamfuta. Wani dattijo ya ba mu kyautar littattafai kwali goma sha biyu, yawancinsu bugun 1950 zuwa 1965. Na saba buga lambar ISBN bayanan littafi su sauko, amma waɗannan ba su da ita. Sai dai in zauna in shigar da kowanne da hannu?

Amsa: A'a Malam, ba sai ka yi wannan wahalar ba. ISBN ba ta zama ma'aunin duniya ba sai 1970, don haka duk littafin da ya girme ta ba za ka same ta a jikinsa ba. Amma manyan laburare sun riga sun shigar da da yawa daga cikinsu, kuma Koha na iya janyo aikinsu ta hanyar da ake kira Z39.50. Shiga Administration, ka buɗe Z39.50/SRU servers. Sabar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka adireshinta lx2.loc.gov, ƙofa 210, rumbu LCDB, tsari MARC21 (tsarin jera bayanan littafi a gurabe masu lambobi), rubutu UTF-8. Sai ka koma Cataloging ka danna New from Z39.50/SRU.

Kafin ka nema, juya bayan shafin take. Littattafan Amurka da yawa na wancan zamani suna ɗauke da lambar katin wannan laburare, mai fasali kamar lambobi biyu na shekara, layi, sannan wasu lambobin. Ita ce LCCN, gurbi na 010, kuma tana aiki kamar ISBN. In babu, nemi da sunan mahaifin marubuci da kalmomi biyu ko uku na take. Kada ka zuba cikakken take, harafi ɗaya ya saɓa ba abin da zai fito.

Tambaya: Na samu bayanin, take da marubuci duk daidai. In adana kawai?

Amsa: Dakata, a nan ake yin ɓarnar. Bayanin da ka aro na wani bugu ne, ba lallai naka ba. Littafi ɗaya kan fito a Landan a 1952, a sake buga shi a New York a 1958 da sabuwar gabatarwa, take bai canza ba. Ajiye littafin a gefen allo ka duba gurbi huɗu: 250 mai nuna ko bugu na nawa ne, 260 ko 264 na gari da maɗaba'a da shekara, 300 na shafuka da tsayi, da 490 in yana cikin jeri. Shafuka ana ɗaukar lambar ƙarshe da aka buga, har da na gabatarwa masu lambobin Rumawa, misali xii, 248. Tsayi kuwa sa rula a gadon bayan littafin. In ka samu santimita 21 da ɗigo 3, rubuta 22, sama ake cikawa. A ƙa'idar OCLC, ƙungiyar haɗin gwiwar laburare ta duniya, bambancin da ya wuce santimita 2 yana iya sa a buɗe sabon bayani, amma a tsohon littafi ka lura ko mai ɗinki ne ya datse gefensa lokacin da aka sake masa bango.

In maɗaba'a ko adadin shafuka ya bambanta, kwafi bayanin ka mai da shi sabo: goge 010 da 035 don lambobin wancan bugun ne, gyara 260 da 300, kada kuma ka manta shekarar da ke gurbi na 008, matsayi na 7 zuwa 10. Mutane kan gyara 260 su bar 008, sai binciken shekara ya riƙa ɓatar da littafin.

Sannan share abin da na masu shi ne kaɗai: 590, 852 da gurabun 9xx, wato masu farawa da 9. In ka bari, katalogin kwalejinku zai ce kwafinku na ɗauke da sa hannun wani Bature alhali wancan kwafin yana Amurka. Tambarin dattijon da ya ba ku kyauta da rubutunsa a gefen shafi su ne naku, a 561 ko 590 za su shiga. A 040 kuma ƙara alamar laburarenku a ƙaramin gurbi $d, kada ka goge ta wanda ya fara aikin.

Tambaya: Binciken yana ta juyawa har ya mutu, alhali intanet na aiki.

Amsa: Galibi ƙofa 210 ce a toshe a bangon tsaron makarantar. Daga sabar da Koha ke kai, ba daga kwamfutarka ba, a gwada umarnin yaz-client lx2.loc.gov:210/LCDB. In bai haɗu ba, mai kula da intanet ɗinku ne zai buɗe.

Tambaya: Akwai littattafan Hausa na Gaskiya Corporation da NORLA, tsohuwar hukumar adabi ta Jihar Arewa, a ciki. Ko ba sa fitowa, ko su fito da haruffa a hargitse.

Amsa: Matsala biyu ce. Ta farko, tsohon tsarin haruffa na MARC-8 ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, don haka laburaren waje suka riƙa rubuta su da ɗigo a ƙasa: ḳ, ḍ, ḅ. In ka nema da ƙugiya ba za ka samu ba. Nemi da k, d, b zalla, ko ka zaɓi kalmar da ba ta da ƙugiya. Bayan ka sauke ka mayar da ƙugiyar kamar yadda take a shafin take. Ta biyu, hargitsin yana zuwa ne in sabar ta aiko MARC-8 kai kuma ka ce wa Koha UTF-8 ne. Duba matsayi na 9 a Leader, wato layin farko na bayanin: a na nufin Unicode, fili na nufin MARC-8. Manhajar MarcEdit kyauta ce kuma tana juya wannan zuwa wancan.

Inda za ka fi dacewa da irin waɗannan littattafai shi ne Makarantar Nazarin Gabas da Afirka (SOAS) a Landan da Laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern. WorldCat, katalogin OCLC na intanet, zai nuna maka wa ke da littafin ba tare da ka biya ba, amma sauke bayanin MARC sai da rajistar OCLC. Ka yi hattara ƙwarai a nan, domin littattafan Zariya an sha sake buga su, maɗaba'ar NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ta ci gaba da fitar da su bayan 1966, wani lokaci shekarar farko ce kawai a jiki. Tabbatar kuma lambar harshe a 008 hau ce.

Tambaya: Na Larabci bugun Alƙahira fa, masu shekarar Hijira?

Amsa: Rubuta shekarar yadda take, ka bi ta da ta Miladiyya a baka mai kusurwa: 1350 [1931 ko 1932]. Lissafin kusa shi ne ka ninka da 0.97 ka ƙara 622. A 008 Miladiyya kawai ake sawa. Bayanan waje kan zo da take a haruffan boko, rubutun Larabcin yana gurbi na 880, kada ka share shi. In kuwa ka ci karo da rubutun hannu na ajami a cikin kwalayen, ware shi gefe. Kwafi ɗaya ne tak, babu wanda za ka aro wa bayaninsa, da hannu za a shigar.