Amsa: zuwa zumunci da motar RV a Amurka

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana son hayar RV, motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki, ka zaga dangi da tsofaffin abokai daga Houston har New York, shin za ka iya fakawa a ƙofar gidansu ka kwana? Za ka iya amma kira su tun kafin ka tashi, don wasu unguwannin ƙungiyar masu gidaje ta hana ajiye irin wannan mota, mai masaukinka ne zai sha tara ba kai ba.

Sai wuta. Motar tana son amp (ma'aunin ƙarfin wutar lantarki) 30 ko 50, soket ɗin gida kuwa 15 ne, sai da adafta. Ni na kunna esi a gidan yayata tana ɗumama miya, wuta ta ɗauke ɗif, kunya kamar in nutse wallahi.

Tankin banɗaki kuma wajen da aka tanada kawai ake juye shi. In ka doshi Baltimore kar ka bi ramin ƙarƙashin ruwa da tukunyar gas, an hana, bi ta zagaye. Unguwar Bronx ta birnin New York kam manta, ajiye motar a jihar New Jersey da ke maƙwabtaka ka shiga jirgin ƙasa. Kuma ka ci tuwon gidan, kar ka ce ka dafa a mota, za su ji haushi.