Tashar Baro da ridin Dawanau

Tambaya: Ina sayen ridi da zoɓo a kasuwar Dawanau. An ce mana an buɗe tashar jiragen ruwa a Baro, amma har yau kayanmu a tirela suke tafiya Legas. Yaushe za mu ga amfaninta?

Amsa: Alhaji, Baro ba baƙuwar Kano ba ce. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga can ya taso. A kogin Neja aka yi ta hauro da ƙarafunan, ana sauke su a Baro, ana shimfiɗa su zuwa arewa. Da aka haɗa layin da na Legas a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai kaya suka juya wa Baro baya.

Sabuwar tashar tana ƙaramar hukumar Agaie a jihar Neja, Shugaba Buhari ne ya buɗe ta a Janairun 2019, tana hannun NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja. Dabarar mai kyau ce. Jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen ciki yana kwashe lodin tireloli da yawa a tafiya guda, man da yake sha a kan kowane tan kuma bai kai na mota ba. Ridi da zoɓo ba tumatir ba ne, ba sa ruɓewa don an ƙara musu kwana a hanya, saboda haka irin kayan da ruwa ke so ke nan.

To amma gini a bakin kogi ba shi ne tasha ba. Neja kogi ne mai damina da rani: ya cika wajen Agusta zuwa Oktoba, daga nan ya ja, tudun yashi ya fito a tsakiya. A 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa ta fara yashe shi daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, sai dai yasa kamar share kwata ce, in ba a maimaita ba yashi ya dawo. Ga hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro da ta daɗe tana wahalar da manyan motoci, ga tsohon reshen dogon Baro zuwa Minna da ya daina aiki tuntuni.

Ka lissafa da kanka: a loda buhu a Dawanau, a sauke a Baro, a zuba a jirgi, a sake saukewa a bakin teku. Kowace saukewa kuɗin 'yan dako ce, kuma a nan buhu ke yagewa. In jirgin ba ya tashi a tsayayyar rana, mai sayenka na waje ba zai jira ba.

A ganina, abin da ya fi kusa da kai yanzu shi ne tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kano, wato tashar kwantenoni ta kan tudu, wadda aka buɗe a 2023. Je ka tambayi kuɗin kwantena ɗaya daga can zuwa tashar Apapa ta Legas, ka gwada da abin da mai tirela ke karɓa a hannunka.