Mai ciki ta gudo daga Sudan ba katin awo

Malam, ka ce ƙanwarka ta gudo daga yaƙin Sudan da ciki wata 6, ba katin awo, shin za a karɓe ta a Kano? Za a karɓa. Kai ta asibitin unguwa da sassafe a buɗe sabon kati, a duba hawan jini, yawan jini da fitsari, a ba ta Fansidar (maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro), da maganin ƙarin jini, da allurar rigakafin tetanus biyu, tsakaninsu mako 4.

Amma in akwai zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ku wuce asibitin Murtala kai tsaye, can ake tiyata. Wadda ta sha yunwar hanya jininta kan yi ƙasa, ku tanadi mai ba ta jini tun yanzu.